Ƙurar Nanotub ɗin Kabon: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗarinta ga Lafiya da Muhalli

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da ya fi damun mutanen da aikinsu ke haɗa su da nanotub ɗin kabon: ɗaliban kimiyya da injiniya masu auna garinsa a ɗakin gwaji, da ma'aikatan kamfanonin batir da roba, da masu kwance tsofaffin kayan lantarki. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma in wata ta jingina da wata, an nuna.

Mene ne nanotub ɗin kabon tukuna?

Bututu ne siriri ƙwarai wanda aka gina da ƙwayoyin zarra na kabon zalla, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Ƙwayoyin suna jere ne a shimfiɗe ɗaya mai gida-gida, kowane gida da kusurwa shida, shimfiɗar kuma ta naɗe ta zama bututu. Akwai mai bango ɗaya, wanda kaurinsa bai cika wuce nanomita 1 zuwa 2 ba, akwai kuma mai bango da yawa, wani cikin wani, wanda kan kai nanomita 100. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Silin gashin mutum ya fi mai bango ɗaya kauri sau dubbai goma-goma.

Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan shi ne ya jawo hankalin duniya kansa a 1991, a 1993 kuma aka samar da mai bango ɗaya. A ido, baƙin gari ne mara nauyi wanda ɗan motsin iska ke iya tayarwa.

Me ake yi da shi har ake ta maganarsa?

Yana da ƙarfi matuƙa ga rashin nauyi, kuma yana tafiyar da lantarki da zafi da kyau. Babbar kasuwarsa a yau ita ce batirin lithium, inda ake zuba kaɗan a cikin kwaɓin da ake shafa wa farantan batirin domin lantarki ya gudana sosai. Ana kuma gauraya shi da roba da fenti da kayan wasanni da wasu sassan mota. Kamfanoni irin su LG Chem a Koriya ta Kudu, Cnano a Sin, Nanocyl a Beljiyam da OCSiAl su ne manya a harkar. Yawancinsu suna samar da shi ne ta hanyar fasa iskar gas mai kabon a tanderu mai tsananin zafi, a kan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ko kobalt ko nikel. Ragowar waɗannan ƙarafa kan maƙale a jikinsa, kuma za mu sake dawowa kansu a tambayar bambancin iri.

Ta wace ƙofa yake shiga jikin mutum?

Ta numfashi. Sauran hanyoyin duk 'yan rakiya ne. Idan busasshen garin ya tashi, ƙananan ɓarɓashinsa suna wuce gashin hanci da majinar maƙogwaro su gangara har ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini. Ayyukan da suka fi tayar da shi su ne buɗe tanderu a kwaso, awo a kan sikeli, juyewa daga wannan mazubi zuwa wancan, zuba gari a cikin kwaɓi, da share wurin aiki. Ko wanda ke cikin ruwa yana iya fita cikin feshi idan ana kaɗa shi da na'urar girgiza mai ƙarfi, abin da ɗalibai da yawa ba sa kawowa a ransu domin suna ganin ai ruwa ne.

Me ya sa ake yawan haɗa sunansa da asbestos?

Saboda siffa, ba saboda sinadari ba. Asbestos ma'adini ne na dutse, nanotub kuma kabon ne, ba su haɗa dangi ba. Amma likitocin huhu sun daɗe da gano cewa abubuwa uku ne ke sa zare ya zama mugu a cikin huhu: ya kasance siriri yadda zai kai ƙarshen huhu, dogo yadda jiki ba zai iya kwashe shi ba, kuma mai juriya yadda ba zai narke ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na irin wannan zare shi ne tsawo fiye da maikromita 5 (maikromita ɗaya nanomita dubu ne), kauri ƙasa da maikromita 3, tsawon kuma ya ninka kaurin fiye da sau uku. Wasu nanotub sun cika waɗannan sharuɗɗa sarai.

A cikin huhu akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, aikinsu haɗiye ƙura su fitar da ita. Idan suka gamu da dogon zare mai tauri sai su kama haɗiya su kasa gamawa. Suna nan maƙale da shi suna ta zubar da sinadaran kumburi, wasu su mutu, wasu su zo su gaje su, zaren kuwa yana nan daram. Kumburin da ya ƙi ƙarewa shi ke haifar da tabo a naman huhu, tabon ya sa huhun ya yi tauri, a kan haka kuma sankara ke iya samun gindin zama. Wani zaren yakan ratsa har zuwa tantanin da ya lulluɓe huhu, ya tsaya a ƙananan kafofin da ruwa ke fita ta cikinsu domin tsawonsa ya hana shi wucewa. Daga wannan tantani ne sankarar mesotiliyoma ke tasowa, cutar da ta sa sunan asbestos ya ɓaci a duniya.

A 2008 tawagar Ken Donaldson ta Jami'ar Edinbura a Birtaniya ta sa nanotub a cikin kogon cikin ɓeraye, inda akwai irin wancan tantani. Dogayen sun jawo kumburi da ƙulalai irin na asbestos cikin mako guda, gajeru da cukurkuɗaɗɗu kuwa ba su yi ba. A shekarar dai wasu masu bincike a Japan suka ga mesotiliyoma a ɓerayen da aka sa wa wani nau'i mai bango da yawa mai suna MWCNT-7. Daga nan ne maganar ta bar ɗakin gwaji ta shiga ofisoshin hukumomi.

To ke nan ba duka ne suke da haɗari iri ɗaya ba?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Sunan ɗaya ne amma kayan iri-iri ne. Wani miƙaƙƙe ne mai tauri kamar allura, wani kuma laushi gare shi, yana cukurkuɗewa ya dunƙule kamar zaren da ya harɗe. Na farkon ne ke yin halin asbestos. Na biyun jiki yana mu'amala da shi kusan yadda yake yi da ƙurar da ba ta narkewa, wato idan ta yi yawa tana jawo kumburi da tabo, amma ba ta cika ratsawa zuwa tantanin huhu ba.

Bayan tsawo da tauri, ragowar ƙarfe ma tana da tata rawar. Ɗanyen nanotub mai ɗauke da ƙarfe ko nikel da yawa yana ƙara ƙona ƙwayoyin jiki fiye da wanda aka wanke. Sarrafa fatarsa da sinadarai domin ya gauraya da ruwa shi ma yana canza halinsa. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa kwalbar baƙin gari, ya nemi takardar bayanin kayan ya duba tsawo da kauri da yawan ƙarfen da ke ciki. Wanda ya ce muku "nanotub ba shi da illa" ko "nanotub sabon asbestos ne" bai faɗi wane iri yake nufi ba, bai gama magana ba.

Yana jawo sankara ko ba ya jawowa?

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC da ke Liyon a Faransa, ta zauna kan batun a 2014. Ta sa MWCNT-7 a rukuni na 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya jawo sankara ga mutum. Sauran masu bango da yawa da masu bango ɗaya ta sa su a rukuni na 3, wanda ma'anarsa hujjojin da ke hannu ba su isa a yanke hukunci ba. Rukuni na 3 ba wankewa ba ne, kada a fahimce shi haka.

Bayan wannan zama sai wani babban gwaji ya fito daga Japan a 2016. An sa ɓeraye shaƙar MWCNT-7 awa shida a rana, kwana biyar a mako, har mako 104. Sankarar huhu ta ƙaru a mazan da suka shaƙi miligiram 0.2 da miligiram 2 a kowace kyubik mita ta iska, a matan kuma a miligiram 2. Nauyin wannan gwaji shi ne ta hanci abin ya shiga, yadda zai shiga wa ma'aikaci, ba da allura aka cusa shi ba.

An taɓa samun mutumin da nanotub ya sa wa cuta?

Ba a tabbatar da sankara ko tabon huhu a jikin ma'aikaci da za a ce nanotub ne sanadi kai tsaye ba. Abin da aka gani alamomin farko ne. Binciken da aka yi kan ma'aikata a Rasha da Koriya ta Kudu da Turai ya nuna ƙaruwar sinadaran kumburi ko na tabo a jini ko kaki ko numfashinsu. A Amurka, NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata, ta duba ma'aikata 108 a wuraren aiki 12, ta kuma tarar da nanotub a kakin wasunsu.

Kada wannan ya kwantar wa kowa da hankali fiye da kima. Mesotiliyoma takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana bayan shaƙar asbestos, samar da nanotub da yawa kuwa bai daɗe haka ba, kuma masu aikin ba su da yawa. Da asbestos ma an yi shekaru ana cewa ba a ga gawa ba, har aka zo aka gani.

Wayata da batirin solata suna iya ɗauke da shi. Ina cikin haɗari?

Haɗarin mai amfani kaɗan ne ƙwarai. Nanotub ɗin da ke cikin batir yana kulle ne a cikin kwaɓi, kwaɓin kuma a cikin rufaffen gwangwani. Wanda ke cikin roba ko fenti yana ɗaure da jikin kayan. Gwaje-gwajen da aka yi na goge irin wannan roba ko yanka ta sun nuna cewa akasarin abin da ke fita gutsattsarin roba ne da nanotub a ciki ko yana leƙowa, sakakke kuma kaɗan ne. Lamarin yana canzawa idan kayan sun tsufa a rana har robar ta fara zaizayewa, ko aka niƙa su, ko aka ƙona. Duba tambayar masu kwance batir a ƙasa.

Wani abin lura: ba a masana'anta kaɗai ake samunsa ba. A 2015 masu bincike sun ba da rahoton ganin nanotub a ruwan huhun yara masu asma a Faris, irin wanda suka gani a hayaƙin mota da ƙurar birnin. Ba su ce shi ya jawo asmar ba.

Idan ya taɓa fata ko ya shiga ido fa?

Lafiyayyar fata katanga ce mai kyau, ba ya ratsa ta cikin sauƙi. Yana iya sa ƙaiƙayi, musamman mai ragowar nikel ko kobalt ga masu borin jini da waɗannan ƙarafa. A wanke da ruwa da sabulu. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15, kada a murza. Babbar matsalar garin da ya hau hannu ko riga ita ce yana bushewa ya sake tashi, ko ya bi mutum gida.

Akwai adadin da aka ce kada a wuce?

A 2013 NIOSH ta ba da shawarar kada ya wuce maikrogiram 1 a kowace kyubik mita ta iska, a matsakaicin awa takwas na aiki. Maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Shawara ce, ba doka ba, kuma hukumar da kanta ta bayyana cewa ta tsaya a nan ne domin shi ne mafi ƙanƙantar abin da hanyar awonta ke iya ganowa da tabbaci, ba don ƙasa da shi babu haɗari ba.

Awon nauyi yana da tasa naƙasar. Zaren yana da sauƙi har ta kai iska mai ɗauke da zare masu ɗimbin yawa tana iya nuna nauyi kaɗan. Shi ya sa ƙwararru ke haɗawa da ɗaukar samfurin iska a duba shi a madubin ilektiron, a ga ko dogayen nan masu tauri ne. Ido kuwa ba ma'auni ba ne. Iskar da ta ninka wannan adadi sau da yawa tana iya zama garau a gani.

Wace kariya ce ta fi aiki a ɗakin gwaji ko masana'anta?

A fara daga kayan da kansu. In aikin zai yiwu da nanotub da aka riga aka kwaɓa a ruwa ko aka dunƙule a cikin ƙwayoyin roba, a sayi wannan a bar busasshen gari. In gajere ko cukurkuɗaɗɗe zai yi, babu dalilin ɗauko dogo mai tauri. Wannan mataki ɗaya ya fi duk takunkumin da za a saya.

In dole sai gari, a auna shi a cikin rufaffen akwati mai safar hannu ko kabad mai zuƙe iska ta matatar HEPA, wato matatar da ke kama ƙananan ɓarɓashin ƙura. A lura da kabad ɗin hayaƙi na gama-gari, domin ƙarfin iskarsa kan watsa gari mara nauyi ya dawo da shi fuskar mai aiki. A ɗakunan gwajin da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, kamar yadda muka saba gani a jami'o'inmu, kabad ɗin da ya tsaya ya zama akwati kawai. Kada a buɗe kwalba sai an tabbatar wutar za ta tsaya, in ta ɗauke kuma a rufe nan take. Fankar sama da buɗaɗɗiyar taga ba hanyar fitar da ƙura ba ne, raba ta suke yi ga kowa a ɗakin. Sai safar hannu ta naitiril, da tabarau, da rigar aiki da ba a zuwa gida da ita. Ba ci, ba sha a wurin.

Takunkumin fuska na asibiti ya wadatar?

Bai wadatar ba. Shi da ƙyalle da rawani duk iska na shiga ta gefensu. Mafi ƙaranci shi ne N95 ko FFP2 da ya zauna a fuska daram, wanda ya fi kuwa P100 ko FFP3. Mutane kan ɗauka ƙanƙantar abin za ta sa ya ratsa matatar, amma gwaji ya nuna matatun nan suna kama ƙananan ɓarɓashi sosai. Inda ake samun yoyo shi ne tsakanin takunkumi da fata. Mai gemu ya san cewa irin wannan takunkumi ba zai manne masa ba, abin da ya dace da shi shi ne hular da ke rufe kai duka mai injin tura tatacciyar iska.

Ya zube a ƙasa. Yaya za a kwashe?

Ban da tsintsiya, ban da hurawa, ban da injin shara na gida, wanda zai zuƙa ta gaba ya fesar ta baya. A fitar da mutane, a kashe fanka, a sa kayan kariyar da aka ambata a sama. A rufe wurin da jiƙaƙƙen tsumma ko takarda a goge a hankali daga gefe zuwa tsakiya, ko a yi amfani da injin zuƙa mai matatar HEPA. Tsumman da safar hannun a sa su a leda biyu a ɗaure, a rubuta abin da ke ciki, a haɗa da sharar sinadarai masu haɗari. Kada a zuba ruwan wankin a kwata.

Me yake yi wa ruwa da ƙasa da halittun ciki?

Ba ya son ruwa, don haka in ya shiga kogi yakan dunƙule ya nutse cikin laka. Amma ruɓaɓɓen ganye da sauran abubuwan da ke narke a ruwan kogi suna iya lulluɓe shi su riƙe shi yana yawo na tsawon lokaci. A gwaje-gwaje, ya lahanta matattarar numfashin kifi, ya cika hanjin ƙananan halittun ruwa, ya kuma rage girman gansakuka ta hanyar tare mata haske da manne mata. Sai dai adadin da ake zubawa a irin waɗannan gwaje-gwaje ya zarce abin da ake hasashen samu a koguna nesa ba kusa ba. A jikin tsutsar ƙasa, wato tana, da makamantanta an ga yana shiga hanji ya fita, ba ya taruwa sosai a nama.

Akwai wani gefen da ya cancanci sa ido. Fatarsa tana kama gubobi irin su ƙarafa masu nauyi da ragowar mai da magungunan ƙwari, abin da ya sa ake gwada shi wajen tace ruwa. Wannan hali yana nufin zai iya ɗaukar guba daga wuri ya kai ta wani.

Yana ruɓewa? In an ƙona shi yana ƙarewa?

Yana cikin kayan da suka fi jure lalacewa. An nuna a Jami'ar Fitsbag ta Amurka cewa wasu sinadaran jiki, ciki har da wanda fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa, suna iya cin nanotub mai bango ɗaya da aka riga aka raunana fatarsa. Ɗanye mai bango da yawa kuwa yana daɗewa a huhu da ƙasa. Wuta tana cinye shi idan ta yi zafi sosai kuma da isasshiyar iska, kamar a tanderun ƙona shara na zamani da ke aiki a kan digiri 850 ko sama. Wutar bola ba ta da wannan tabbaci. Tana iya cinye robar ta saki abin da robar ke riƙe da shi.

Masu kwance tsofaffin batir da kayan lantarki fa?

A ganina nan ne aka fi yin sakaci. Yawancin bincike da dokoki sun karkata ga masana'antun da ke samar da shi a Asiya da Turai da Amurka, alhali kayan suna ƙare rayuwarsu ne a wasu wurare, a hannun 'yan gwangwan da masu gyara da ke fasa batir da guduma. Baƙin garin da ke fitowa daga batirin lithium cakuɗe ne na girafait (kabon irin na bakin fensir) da kobalt da nikel da manganis, kuma a sababbin batura har da nanotub. Gaskiya ƙarafan da gobara da gubar hayaƙin batirin sun fi nanotub ɗin zama barazana ta kusa, kuma wanda ake sa wa batir galibi siriri ne mai cukurkuɗewa. Amma kariyar ɗaya ce: kada a fasa, kada a niƙa a bushe, kada a ƙona, kada a yi aikin a tsakar gida inda yara ke wasa.

Akwai dokar da ta shafe shi?

A Amurka hukumar muhalli ta EPA tana buƙatar a sanar da ita kafin a fara samar da sabon nau'i, kuma tana ɗora sharuɗɗan kariya. A Tarayyar Turai, daga 1 ga Janairu 2020 dokar sinadarai ta REACH ta wajabta wa kamfanoni ba da bayani na musamman kan kayan nano, har da girma da siffa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar kare ma'aikata daga irin waɗannan kaya a 2017. A 2019 ƙungiyar ChemSec ta Suwidin ta sa nanotub a jerin sinadaran da take kira a maye gurbinsu, masana da dama kuma suka soke ta kan cewa ta yi wa iri-iri kuɗin goro. Suna da hujja, kamar yadda amsar bambancin iri ta nuna, ko da yake nauyin nuna cewa wani iri ba shi da illa yana kan mai sayar da shi ne.

Na yi aiki da garin ba tare da kariya ba. Me zan yi yanzu?

Shaƙa sau ɗaya ko sau biyu ba dalilin firgita ba ne, haɗarin yana bin yawa da daɗewa da kuma irin nanotub ɗin. Babu magani ko abin sha da ke wanke shi daga huhu, madara ma ba ta yi. Ku rubuta sunan kayan da kamfanin da ya yi su da lokacin da kuka yi aikin da yadda kuka yi shi, ku adana, domin irin wannan cuta in za ta zo tana zuwa ne bayan an manta. Ku gaya wa likita ainihin aikinku, ku nemi gwajin ƙarfin numfashi domin a samu abin kwatantawa nan gaba. Mai shan taba ya daina, domin a ma'aikatan asbestos haɗuwar taba da zare ta ninka haɗarin sankarar huhu. Tarin da ya wuce mako uku, ko haki a aikin da da ba ya sa ku haki, ko ciwon ƙirji, duk suna buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba, ko da a ƙarshe tarin fuka ko asma aka gano.